Daren waƙa ta intanet: me ake yi a ciki, wa ke amfana, wa aka bari a waje?

Daga 2020 zuwa yau wani abu ya shigo harkar marubuta waƙoƙi wanda har yanzu mutane da yawa ba su gama gane kansa ba. Za ka ga fosta tana yawo a sitatus na WhatsApp, an rubuta daren waƙa ranar Asabar ƙarfe takwas da rabi agogon Najeriya da Nijar, bakwai da rabi agogon Ghana, amma babu sunan makaranta ko otal ko ɗakin taro, sai linki kawai a ƙasa. Wanda ya danna sai ya tsinci kansa cikin mutum talatin ko hamsin, wani a Zariya wani a Damagaram wata a Landan, kowa na jiran a kira sunansa ya karanta abin da ya rubuta.

To daga nan tambayoyi ke farawa. Wasu na cewa wannan ai ba waƙa ba ce tunda ba kari ba amsa-amo, surutu ne kawai da ɗaga murya. Wasu damuwarsu ita ce in ka karanta waƙarka a wajen da ake naɗar komai, waƙar ta wa ta zama? Akwai kuma masu tambayar ko ana samun kuɗi, da iyayen da ke son sanin abin da 'yarsu ke yi da waya a kunne har sha ɗayan dare. Duk tambayoyin suna da tushe, amma amsarsu ba ɗaya ba ce, don abin da ake kira daren waƙa ta intanet ba abu ɗaya ba ne.

Abubuwa huɗu da ake cakuɗa su

Na farko shi ne zaman karatu. Nan masu shiri ne ke gayyatar marubuci ɗaya ko biyu ko uku da aka riga aka sani, su karanta daga littafinsu ko sabon aikinsu, sannan a yi tambayoyi. Kai mai sauraro ne, ba a sa ran ka karanta komai.

Ofin mayik kuwa ma'anarsa an buɗe makirufo ga kowa. Ba a tambayar ka ko ka taɓa buga littafi, ka dai rubuta sunanka a jeri, in layi ya zo kanka a ba ka minti uku ko biyar. Ba alƙali ba maki, kuma ba a cika tace abin da za ka karanta ba kafin ka karanta, shi ya sa a dare ɗaya za ka ji waƙar da ta tsuma ka ka kuma ji wadda mai ita ya rubuta ta bayan magariba.

Silam gasa ce, kuma tana da dokokinta da aka sani a duniya. Minti uku ake bayarwa da ɗan rangwamen daƙiƙa goma, in ka wuce a rage maka maki. Dole waƙar ta zama taka, ba kiɗa, ba kayan ado na wasa, ba riƙe wani abu a hannu don nuni. Alƙalai biyar ake ɗauka daga cikin 'yan kallo, ba farfesoshi ba, kowa ya ba da maki daga sifiri zuwa goma, a jefar da mafi yawa da mafi ƙaranci a tara ukun tsakiya.

Sai sifokin wod, wanda shi ba taro ba ne, salo ne. Waƙa ce da aka rubuta don a faɗe ta da baki a gaban mutane, ƙarfinta yana cikin murya da tsayawa da maimaici da motsin jiki, ba lallai ta bi ma'aunin aruli ba. Nan ne rikici yake da masu nazarin Hausa, saboda a makaranta an koya mana gida biyu, waƙar baka irin ta makaɗa da rubutacciyar waƙa mai baiti da ɗango da amsa-amo, ƙwar biyu ce ko ƙwar biyar. Wannan sabon salon rubuta shi ake yi amma ba ya bin ma'auni, da baki ake isar da shi amma ba kiɗa ba 'yan amshi, sai ya zama bai zauna daidai a ko wane gida ba.

Ina abin ya samo asali

Silam a Chicago ta Amurka aka fara shi a tsakiyar shekarun 1980, wani ma'aikacin gini mai rubuta waƙa, Marc Smith, shi ya ƙirƙiro shi don ya gaji da zaman karatun da mutane ke hamma, a 1986 kuma ya mai da shi wani gidan kiɗan jaz mai suna Green Mill. A New York akwai Nuyorican Poets Cafe da marubuta 'yan asalin Puerto Rico suka kafa tun 1973, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan gidajen ofin mayik. Daga can abin ya tsallaka Faransa ya yi ƙarfi sosai, kuma ta hanyar Faransanci ne ya shigo Nijar da Chadi da Kamaru da Senegal da sunansa na silam, yayin da Najeriya da Ghana suka fi karɓar sa ta Turanci da sunan sifokin wod. Wannan rabuwar tana da muhimmanci, za mu dawo kanta.

Duk waɗannan a ɗaki ake yin su, jiki da jiki. Kullen korona na 2020 ne ya tura su intanet da ƙarfin tsiya. Gidan Nuyorican ya koma yin ofin mayik ta Zoom, sai ga mutanen da ba su taɓa taka Amurka ba suna shiga layi. A Afirka marubuciya Zukiswa Wanner ta fara bikin adabi na Afrolit Sans Frontières a watan Maris na 2020, marubuta daga ƙasashe daban-daban suna karatu kai tsaye ta Facebook da Instagram daga ɗakunansu, da Turanci da Faransanci da harshen Fotugal da Lingala. Bikin adabi na Ake na marubuciya Lola Shoneyin shi ma a intanet aka yi shi a wannan shekarar. Bayan nan manhajar hira ta Clubhouse ta shigo wayoyin Android a 2021, Twitter (wadda yanzu ake kira X) kuma ta buɗe ɗakunan hira na Spaces, waɗanda a lokacin duk murya ce zalla ba bidiyo, kuma wannan ya fi dacewa da aljihunmu.

Amma kar a ɗauka isar da waƙa ga wanda ba ya gabanka baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Tun ƙarni na 19 Nana Asma'u ke rubuta waƙoƙi jajjinta, wato mata malamai na ƙungiyar 'Yan Taru, su haddace su kai wa matan ƙauyuka. A ƙarni na 20 ƙungiyar Hikima ta su Mudi Sipikin a Kano tana rera waƙoƙin membobinta a rediyo, mutum yana gidansa yana ji, kuma rediyo ba ya tsayawa a kan iyaka. Kafin korona ma matasan Arewa sun riga sun fara taruwa a Facebook, misali Poetic Wednesdays da ta taso daga Zariya inda ake sakin waƙoƙi duk Laraba. Abin da ya sauya yanzu shi ne hanya ta zama biyu. A rediyo kai dai sauraro ne naka, a nan kana iya ɗaga hannu a ba ka makirufo, kuma ba sai shugaban ƙungiya ko furodusa ya san ka ba.

Yadda zaman ke gudana, da abin da na'ura ke yi wa waƙa

Wanda bai taɓa shiga ba zai yi tsammanin abu ne mai santsi, to ba haka ba ne. Minti goma na farko yawanci a kan "ana ji na?" suke ƙarewa. Mai gabatarwa zai yi sallama ya karanto jerin sunaye ya roƙi kowa ya kashe makirufonsa, amma dole sai an samu mutum ɗaya da ya manta, ana tsakiyar waƙar ta'aziyya sai a ji ƙarar janareto ko yaro na neman a zuba masa tuwo. An kira na uku a layi shiru, sabis ya ɗauke masa, a tsallake shi, ya dawo bayan mutum biyar yana ba da haƙuri. Tafi babu, sai dai a ga alamar wuta da zuciya suna hawa a wajen rubutu, wani ya rubuta "Allah ya ƙara basira", wani ya kwafo ɗangon da ya burge shi ya liƙa.

Kowace manhaja da iyakarta, kuma iyakar ce ke tsara yadda daren zai kasance. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 amma yana yanke taro bayan minti 40, shi ya sa za ka ji mai gabatarwa na cewa in ya katse a sake danna linkin nan dai, kuma duk katsewa sai an yi asarar wasu da ba za su dawo ba. Kiran WhatsApp mutum 32 ne iyakarsa. Instagram mutum huɗu kawai ke iya fitowa a allo lokaci guda. Spaces da Telegram sun fi sauƙin data saboda murya ce. Bidiyon taro na iya cinye kusan giga ɗaya ko fiye a awa guda, don haka da yawa ke kashe kamara, wanda ke nufin mai sifokin wod ya rasa rabin makaminsa, wato fuska da hannu.

Akwai wata matsala da ta fi taɓa masu rubutacciyar waƙar Hausa. Ita wannan waƙar rera ta ake yi, kuma sau da yawa da amshi, mai waƙa ya kai ƙarshen baiti jama'a su karɓa. A intanet murya tana ɗan jinkiri kafin ta isa, kuma jinkirin na Kano daban da na Kumasi daban da na Jidda, don haka in mutum ashirin suka buɗe baki su karɓi amshi sai ya zama hayaniya, kowa a nasa lokacin. Bayan haka manhajojin an gina su ne don taron ofis, suna tace sauti su bar magana, wani lokaci sai su ɗauki jan murya ko bugun mandiri a matsayin ƙara su danne shi. Zoom na da wajen da ake kunna sauti na asali don mawaƙa amma ba kowa ya san da shi ba. Sakamakon shi ne na'urar da kanta ta fi yi wa mai faɗar waƙa da murya ɗaya adalci a kan mai rerawa, kuma ba wanda ya zauna ya shirya hakan.

Kan iyaka, agogo da harshe

Babbar ribar abin a nan take. Daga Katsina zuwa Maraɗi ko Kano zuwa Damagaram tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma marubutan ɓangarorin biyu sun daɗe ba su san aikin juna sosai ba, saboda ɗan Najeriya da ya yi boko Legas da Landan yake kallo, na Nijar kuma Yamai da Dakar da Paris. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar an rufe iyakar ƙasashen biyu har zuwa Maris 2024, mota ba ta wucewa ta hanyar hukuma, amma saƙon murya da kiran intanet ba su tsaya ba. Haka yaƙin Sudan da ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 ya watsa marubuta zuwa Masar da Chadi da Uganda da ƙasashen Larabawa na Gulf, kuma ga mutanen da aka tarwatsa haka ɗakin intanet ne ya fi sauƙin haɗa su. Ga wanda ya taɓa neman bizar Turai don halartar biki aka hana shi kuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Agogo ya fi ba da wahala fiye da yadda ake zato. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru lokacinsu ɗaya. Ghana na baya da awa ɗaya, Sudan na gaba da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu. Landan da bazararsu daidai take da Najeriya, da hunturu ta koma baya da awa ɗaya, New York tana baya da awa biyar ko shida. In aka sa taro bayan isha'i a Kano, na Accra wataƙila lokacin yake shirin tasa isha'in, na Makka dare ya fara yi masa, ɗalibin da ke Malesiya kuwa uku da rabin dare ne a wajensa. Duk lokacin da aka zaɓa akwai wanda aka zaɓa a kansa, kuma in ƙungiyar Amurka ce ta shirya, ɗan Afirka ne ke tashi tsakar dare.

Sai harshe, wanda shi ne zuciyar maganar. Matashin Kaduna mai sifokin wod yawanci da Turanci yake yi, yana ɗan yayyafa Hausa. Takwaransa na Yamai mai silam da Faransanci yake yi, yana yayyafa Hausa ko Zabarmanci, kuma can akwai masu suna irin su Jhonel da suka daɗe a fagen. In aka haɗa su a ɗaki ɗaya, Turancin wannan bai isa ga wancan ba, Faransancin wancan bai iso nan ba, abin da ya rage a tsakani Hausa ce. Wannan ya ba Hausa wani aiki da ba ta cika samu a manyan bukukuwan adabi ba, inda galibi ake ba ta awa ɗaya a gefe. Ranar Hausa ta Duniya da ake yi duk 26 ga Agusta, wadda ita kanta a shafukan sada zumunta aka haife ta a 2015, ta nuna cewa masu sauraro suna nan daga ƙasashe da yawa.

Sai dai Hausar ma ba ɗaya ba ce a kunne. Bakano zai ji kalmar Faransanci a bakin na Maraɗi ya tsaya tunani, na zangon Kumasi zai faɗi jimlar da ba ta bambanta namiji da mace yadda Kananci ke yi ba, wani a wajen rubutu ya yi carab ya ce a gyara. Wasu masu shiri suna ganin gyaran taimako ne ga daidaitacciyar Hausa, wasu na ganin shi ne hanya mafi sauri ta korar baƙo daga ɗaki. A aikace dai ɗakunan da suka bar kowa da karin harshensa su ne suka fi riƙe mutanen ƙetare.

Abin da ɓangarori ke cewa

Masu goyon baya hujjarsu ta farko mata ce. Taron waƙa na zahiri da yamma ko dare ake yin sa, a gari, a wajen da ba kowane gida ne zai bar 'ya ko matar aure ta je ba. Ta waya tana iya karanta waƙarta daga ɗakinta, kamara a kashe, har da sunan alƙalami in ta so. Haka mai lalurar tafiya, da wanda ke ƙaramin garin da ba reshen ƙungiyar marubuta ta ANA ko wata ƙungiya. Suna kuma nuna cewa kuɗin haya da kujeru da lasifika da ruwan roba duk sun fita daga lissafi, ɗalibi biyu ma na iya shirya nasu.

Masu suka ba ƙyashi ne kawai ke damunsu ba kamar yadda ake yawan zarginsu. Suna cewa a zaman ƙungiya na da, in ka karanta waƙa dattijo zai tsayar da kai ya ce ɗango na uku ya karye, ƙafarsa ta yi tsawo, ka koma ka gyara, kuma da haka ake koyo. A intanet kowa alamar wuta yake samu, mai kyau da marar kyau, saboda ba wanda ke son ya ɓata wa baƙo rai a gaban mutane, kuma minti uku ba ya barin lokacin sharhi. Sun ƙara da cewa salon yana zama iri ɗaya, murya ɗaya, jan numfashi ɗaya, jigo ɗaya na ciwo da zalunci, saboda yaran suna kwaikwayon bidiyon Amurka da suke gani ne ba Aƙilu Aliyu ko Sa'adu Zungur ba. A wannan gaɓar akwai gaskiya, duk da cewa kwaikwayo ba intanet ce ta kawo shi ba, kuma ba abin da ya hana a ware dare na musamman don gyara, wasu ƙungiyoyin ma haka suke yi, yau karatu mako mai zuwa fiɗa.

Akwai ɓangare na uku da ba ruwansa da aruli, shi tambayarsa ita ce wa ya samu shiga. Cewa "kowa na iya zuwa" gaskiya ne ga mai babbar waya da caji da data da sabis mai ƙarfi. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data, wanda ke nufin awa biyu na sauraron waƙa ta ƙara tsada ga ɗalibi. A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda matsalar tsaro. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, daidai lokacin da Spaces ke tashe. Chadi ta toshe shafukan sada zumunta fiye da shekara guda daga 2018 zuwa 2019. Wato mutanen da suka fi kowa abin faɗa a waƙa, na yankunan rikici, su ne aka fi yanke wa layi. Kuma ko a cikin ɗakin, mai gabatarwa ne ke riƙe da maɓallin da ke buɗe makirufo da rufe shi, shi ke tsara jeri, don haka mai tsaron ƙofa bai ɓace ba, sauya kujera ya yi.

Kuɗi, mallaka da doka

Maganar kuɗi gajeriya ce, mafi yawan ofin mayik ba a biyan kowa, masu shirin ma daga aljihunsu suke sayen data. Inda kuɗi ke shigowa shi ne gasa mai ɗaukar nauyi, ko bikin da wata cibiyar al'adu ko ƙungiyar agaji ta ba da tallafi, ko kuma a kaikaice, wani ya ji ka a can ya gayyace ka taron da ake biya. Ko an ci kyautar ma kai ta ga mai ita aiki ne, naira a nan, sefa a can, sidi a Ghana, ga cajin masu tura kuɗi. Abin lura ɗaya, duk gasar da ta ce ka fara biyan kuɗin rajista mai nauyi alhali ba a san masu ita ba ba a san alƙalanta ba, ko ta ce ka biya kafin a turo maka takardar shaidar nasara, a yi hattara da ita.

Mallaka ta fi rikitarwa. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, waƙa taka ce daga lokacin da ka rubuta ta ko ka naɗe ta, ba sai ka yi rajista ba, kuma karanta ta a fili bai mai da ita ta kowa ba. Matsalar tana wajen aiwatarwa. Wani zai naɗi muryarka ya yanka ya ɗora a TikTok da hotonsa, in yana wata ƙasa ma ba ka san kotun da za ka nufa ba. Abin da ke taimakawa shi ne shaidar lokaci, wato rubutun da ka ajiye da kwanan wata, ko saƙon da ka tura wa kanka ta imel kafin ka karanta. A ɗaya gefen kuma naɗin taron kansa shaida ne cewa kai ka fara faɗa.

Wani abin da sababbin marubuta ba su cika sani ba, mujallun adabi da gasanni da yawa na waje ba sa karɓar waƙar da aka riga aka wallafa, kuma da yawansu suna lissafa abin da aka ɗora a Facebook ko shafin intanet na kowa-ya-gani a matsayin wallafawa. Karatu a ɗakin da ba a naɗa ba yawanci ba matsala, amma in masu shiri suka ɗora bidiyon a YouTube to ya danganta da dokar kowace mujalla. Shi ya sa tambayar "za a naɗa, kuma ina za a ɗora?" ta kamata ta zo kafin a karanta ba bayan an karanta ba.

Naɗin nan kuma shi ke kawo maganar doka. Waƙar da aka faɗa a ɗakin mutum ashirin a da tana ƙarewa a ɗakin, ta intanet kuwa daƙiƙa talatin da aka yanko daga tsakiyarta na iya kaiwa inda mai ita bai taɓa tunani ba, ba tare da baitin da ke gabanta da na bayanta ba. A Uganda an yanke wa Stella Nyanzi ɗaurin wata 18 a 2019 kan waƙar da ta ɗora a Facebook game da shugaba Museveni, kafin babbar kotu ta soke hukuncin a 2020. A Najeriya sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi kan abin da mutane suka wallafa, har aka yi masa gyara a 2024. Tunda ɗakin ya haɗa ƙasashe, abin da ba komai ba ne ga wanda ke karatu daga Toronto yana iya zama nauyi ga wanda ke zaune a Kano ko Yamai ko N'Djamena da sunansa a kan fosta.

Me ya rage bayan an buɗe gari

Da kulle ya ƙare da yawa daga ɗakunan sun mutu, Clubhouse ma kanta ta yi sanyi, mutane sun koma taron zahiri kamar bikin littattafai na Kaduna KABAFEST da bikin HIBAF na adabin Hausa da aka fara a 2021. Abin da ya zauna shi ne haɗin gambiza, a yi taro a ɗaki a jingina waya a kan tebur ana watsa shi kai tsaye, baƙo ɗaya ko biyu su shigo ta allo daga waje. A wannan tsarin na intanet yakan zama ɗan kallo na biyu, sautin ɗakin bai isa gare shi da kyau, in ya ɗaga hannu ba mai gani.

Ga masu Hausa zalla kuwa, wanda ya fi rayuwa ba Zoom ba ne, gurup ne na WhatsApp da Telegram inda ake sa rana, admin ya ba da jigo ko amsa-amo, kowa ya turo saƙon murya lokacin da ya samu caji da sabis, wani ya amsa da tahamisi washegari. Ba kai tsaye ba ne, don haka wasu ba sa lissafa shi a matsayin ofin mayik, amma ya kauce wa matsalar agogo da jinkirin murya da tsadar bidiyo gaba ɗaya, mai rerawa ya rera son ransa, mai ƙaramar data ya sauke da daddare lokacin da ake garaɓasa, mai gyara kuma ya samu damar saurara sau uku kafin ya ce ɗango na uku ya karye.